Ɗakin da Ke Tuna wa Baba

Akwai baƙin mai a ƙarƙashin faratan Yaya. Auta ta lura da shi ne lokacin da ya ɗora hannu a kan sitiyari zai karya kwana ya fita daga ƙofar asibiti. Yaya a banki yake aiki, mutum ne da ko lemo zai ɓare sai ya nemi tsumma tukuna. Ta kalli faratan, ta kalli ƙeyar Baba da ke zaune a gaba, hannunsa na hagu a kan cinya kamar wani ne ya ajiye masa shi ya manta. Ta mayar da ido kan hanya. Dama ita ba mai yawan magana ba ce, kuma makonnin da ta yi tana kwana a kan tabarma a gefen gadonsa sun ƙara mata shiru.

"Baba, akwai abin da muka shirya maka a gida," in ji Yaya yana murmushi. "Sai ka gani."

Baba ya juyo a hankali. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kalmomi ɗaya-ɗaya suke zuwar masa, wasu ma su maƙale a hanya.

"Ɗakin," ya ce.

"Shi fa! Kamar ka sani. An gama komai."

Wannan kalmar Baba ya fi maimaitawa a asibiti. Mama da Yaya sun ɗauka damuwar bene ce, tunda ɗakin kwanansa a sama yake, likita kuma ya ce shi da hawa bene sai wani lokaci. Auta ta san ba wannan ɗakin yake nufi ba. Na ƙasa yake nufi, wanda ke kallon tsakar gida, inda kayan cikin Tsohuwa suke.

Tsohuwa ita ce motar Baba, doguwa mai ƙofa biyar, irin mai dogon bayan nan da ake kwantar da kujerun baya a shimfiɗa katifa. Tun kafin a haifi Yaya ya saye ta, ita ma a lokacin ta ga jiya. A bayanta aka kai su makaranta, a bayanta Auta ta sha barci a tafiye-tafiye kanta a kan jakar kaya. Da injin ya gaji, sai aka lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, ta yi shekaru kyanwa na haihuwa a ƙarƙashinta. Ranar da Baba ya yi ritaya daga gidan ruwa ya yaye tamfol ɗin, ya ɗora motar a kan bulo, ya ce shi da kansa zai tashe ta.

Yana da yadda yake aikinsa. Duk abin da ya kwance daga injin sai ya kai shi ɗakin ƙasa ya ajiye a kan kwali. Sannan ya huhhuda kwalin ya tsittsira kowane noti a gefen ramin da ya fito, dogo a wurin dogo, gajere a wurin gajere. A hankali daɓen ɗakin ya cika, saura 'yar siririyar hanya da ƙafa ɗaya ke bi. Auta ce ke kai masa shayi, don haka ita kaɗai ta iya hanyar.

"Baba, me ya sa ba za ka riƙa rubutawa ba?" ta taɓa tambayarsa.

"In rubuta me? Ga ɗaki yana tuna mini." Ya nuna da sufanar hannunsa. "Abin da na fara cirewa yana can gindin taga. Na ƙarshe yana nan bakin ƙofa. Ranar haɗawa daga ƙofa zan fara, in yi ta tafiya. Duk ranar da kika gan ni a gindin taga, ki toshe kunne, Tsohuwa za ta yi tari."

Ya gama kwancewa, ya wanke gangar injin, ya ce gobe zai fara haɗawa. Da safe aka same shi a ƙasa a bakin famfo.

A asibiti, matar da ke koya masa motsa jiki ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ƙi ko kallonsa. Sai Auta ta tuna da ƙaramar sufanar da ta tarar a aljihun rigarsa ranar da ya faɗi, ta ciro ta daga jaka ta sa masa a hannun hagun. Ya yi ta fama da ita, yatsu na zamewa, har ya fara riƙe ta. Abubuwa da yawa sun ɓace masa. Ya kan kalli cokali ya rasa sunansa. Wata rana da hantsi, su biyu kaɗai, ya taɓa goshinsa da yatsa.

"Nan... babu," ya ce. Ya numfasa. "Ɗaki... yana nan."

Sai ya ci gaba da matsa sufanarsa.

Da suka iso gida, Mama da Anti, matar Yaya, suna tsaye a bakin ƙofa. Anti ta russuna ta gaishe shi. Aka tallafe shi zuwa ɗakin ƙasa, Yaya ya yaye sabon labule.

An yi wa bango farin fenti. An shimfiɗa sabuwar leda mai zanen furanni, an sa gado, an sa ƙarfen dafawa a jikin bango har zuwa banɗaki. Ɗakin yana ƙamshin sabulu.

"Ka ga ba hawa ba sauka, Malam," in ji Mama. "Yaran nan sun yi aiki, wallahi. Surukarka har da zazzaɓi ta yi."

"Kayanka kuma ko noti ɗaya bai ɓata ba," in ji Yaya. "Zo ka gani."

A rumfar da ke gefen motar ya sa kafinta ya buga kanta mai hawa-hawa. Manyan ƙarafa a ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama. A can gefe gwangwanayen madara ne a jere, cike da noti, kowane gwangwani da girman nasa, an wanke su da kalanzir suna ta ƙyalli.

"Da buroshin haƙori na bi su ɗaya bayan ɗaya," in ji Yaya, ya nuna faratansa yana dariya. "A ofis har tambayata ake ko na canza sana'a. Kwalayen nan kuwa duk kyankyasai ne a ciki, na ƙone su."

Baba ya sa hannun dama a cikin gwangwani ɗaya, ya ɗebo, ya bari suka zube ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallon kantar daga sama har ƙasa. Leɓensa ya motsa sau da yawa kafin kalmar ta fito.

"Sannu."

Yaya ya sunkuyar da kai don jin daɗi. Auta ta wuce kicin, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwan yana zuba a kan kofin da an riga an wanke.

Daga ranar Baba ya daina ƙoƙari. Sufanar ta koma bakin taga, can inda hannunsa ba ya kaiwa. In an zo tashinsa don ya taka, sai ya rufe ido. Yana cin abin da aka ba shi, yana shan magani, sannan ya juya ya fuskanci farin bangon. Mai koyar da motsa jikin ta zo gida ta duba shi, da za ta tafi ta ja Mama da Auta gefe.

"A asibiti ya fi haka," ta ce. "Waɗannan watannin su ne nasa. In bai taka ba yanzu, in bai yi aiki da hannun nan ba, jijiyoyin za su ƙage, kuma shi ke nan. Me kuka yi masa?"

"Mu?" in ji Mama. "Me za mu yi masa ban da alheri?"

Auta ta sha shirya maganar a ranta kafin ta iya faɗa wa Yaya. Ta tare shi a bakin get da yamma, yana shirin shiga motarsa. Ta yi masa bayanin ƙofa da taga, da kwalaye, da abin da Baba ya ce yana taɓa goshi. Tana magana tana kallon takalmansa.

Ya juya mukullin motar a hannunsa.

"To a ina za mu kwantar da shi? A kan lagireto?"

"Ban ce ka yi laifi ba, Yaya."

"Ki ce mana. Ya fi mini sauƙi." Ya jingina da motar. "Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ba wanda ya ce mini za a taɓa ɗakin."

"So muka yi mu ba shi mamaki."

"Kun ba shi."

Ba da gatse ta faɗa ba, haka kawai ta fito. Ya dube ta, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Ba mota ba ce? Mutum ne ya ƙera ta. Akwai intanet."

Sun zauna a falo da wayarsa, sun sami hotunan injin irin motar, har da bidiyon wani dattijo yana haɗa tasa. Suka ɗauki wayar zuwa rumfa suna gwadawa. Kafireton da ke kan kanta bai yi kama da na hoton ba. Famfon ruwan ma daban. Akwai wasu ƙarafan da babu su a ko'ina, da gani da hannu aka lanƙwasa su. Shekara da shekaru Baba yana yi wa Tsohuwa dabara, in abu ya lalace babu irinsa a kasuwa sai ya samo na wata motar ya sassaƙa ya daidaita. Abin da ke cikinta babu shi a littafin kowa.

Ranar da aka kai Baba ganin likita, Auta ta shiga ɗakin ta janye gadon, ta naɗe ledar. Ta yi tunanin ko mai ya bar shaida a daɓe, kowane ƙarfe da inuwarsa. Simintin fes yake. Sai can gindin taga ta ga wani tabo mai duhu, zagayayye kamar gindin kofi. Ta durƙusa tana kallonsa. Wannan shi ne sawun abin da Baba ya fara cirewa, kuma ba ta san ko mene ne ba.

"Wannan ne kaɗai ya gagare ni."

Anti ce tsaye a bakin ƙofa, da tsintsiya a hannu.

"Har gwiwoyina suka kumbura ina gogewa," ta ce. "Cewa na yi kada warin mai ya dame shi." Ta ajiye tsintsiyar, ta zo ta kama ɗaya bakin ledar. Suka mayar da ita tare, ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Mama ce ta ce a kira Kawu Mai Walda. Abokin Baba ne tun suna samari, ɗan gajere mai ƙaton murya, idonsa kullum ja saboda wuta. Ya zo ranar Asabar da rana, ya shiga ɗakin ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai, malalaci! An ce mini ka samu gado ka ƙi tashi. Da can ma aikin me kake yi a gidan ruwa ban da barci?"

Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗan motsa.

"Ku ɗauko shi," in ji Kawu. "Yau sai mun ɗaura wa tsohuwar budurwarsa ko da abu ɗaya ne."

A waje ya rage murya. Ya tsaya gaban kantar ya riƙe ƙugu.

"Ni fa walda na sani," ya ce wa Yaya. "In abu ya rabu biyu in haɗa. Wannan kuwa ya rabu dubu. Amma mu gwada, ko ya ga ana yi ya ji haushi ya karɓe."

"Na san na farko," in ji Auta.

Suka juyo suna kallonta, ta ji kunya ta kama ta.

"Wanda ke bakin ƙofa. A gefensa nake ajiye shayi."

Ta nuna shi a hawa na biyu: wani murfin alminiyam mai faɗi kamar tire, da ramuka kewaye da bakinsa, wanda ke rufe gaban injin. Ta tuna yadda noti suke tsaye kewaye da shi a kan kwali, wasu sun fi wasu tsawo. Wanne ne a ina, wannan ba ta riƙe ba. Shayi take kawowa.

Aka fito da Baba a kujerar roba, aka ajiye shi a inuwa kusa da motar, sandarsa a jingine. Auta ta ɗauko sufanar daga bakin taga ta ɗora masa a cinya. Bai ture ta ba. Da Kawu ya ɗaga bonet, warin tsohon mai ya taso, sai ta ga Baba ya miƙe wuya. Da Yaya ya ɗauko murfin a juye, Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya juya yatsa a iska.

"Ka ji ko?" in ji Kawu da murna. "Ya ce kai ɗan banki ne. Juya shi!"

Har Mama ta yi dariya daga bakin kicin. Murfin ya zauna daram. Auta ta waiwaya. Hannun hagun Baba ya matsa kan sufanar, yatsu biyu sun kewaye ta.

Sai aka zo kan noti. Gwangwani guda ne na masu kaurin da ya dace, amma da aka zazzage shi a kan tire sai ga su tsawo daban-daban, bambancin wasu bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Kawu ya tsinci biyu ya kai wa Baba.

"To, Injiniya. Ramin sama na hannun dama. Wanne?"

Baba ya karɓe su a tafin hannu. Ya juya su. Ya kai su kusa da ido, ya nisantar. Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin rediyon maƙwabta. Auta ta ga idonsa ya bar tafin hannun ya tafi ƙofar ɗakin ƙasa, ya tsaya a daidai dokin ƙofa, inda kwalin murfin yake a da, kusa da takalman wankansa. Ya daɗe a can. Sannan ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba masa ido yana jira.

Ya miƙa ɗaya.

Auta ta san bai sani ba. Ta gani a yadda ya miƙa shi, da sauri, kamar mai biyan abin da ba ya so a ci gaba da yi masa magana a kai. Ta buɗe baki. Amma me za ta ce, a gaban abokinsa, a gaban surukarsa? Ta ce Baba canka kawai ya yi? Ta rufe bakinta.

"Maigida ya yi magana," in ji Kawu. "Ɗaura."

Yaya ya sa notin ya fara juyawa. Ya tafi sumul, sannan ya cije, alhali kansa bai kai ga murfin ba.

"Ya yi tauri, Kawu."

"Tsatsa ce a ramin. Ƙara kaɗan."

Yaya ya waiwayi Baba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya ya ƙara.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Wani siririn layi ya fito daga gindin ramin ya gangara a jikin gidan da notin ya shiga, alminiyam ɗin ya buɗe baki kaɗan.

Kawu ya sa yatsa ya bi layin har ƙarshensa.

"Ya yi tsawo," ya ce a hankali. "Ya taɓo ƙasa."

"Ai za ka iya liƙewa," in ji Yaya. "Kawu, ba aikinka ba ne? Ka ce in abu ya rabu biyu..."

"Ƙarfe na ce. Wannan alminiyam ne, kuma ya girme ka. Ya sha mai har cikin ƙashinsa. Ina sa masa wuta zai zube kamar kitse."

"To a nemo wani."

"A ina?"

Kawu ya sauke hannu daga kan injin.

"Ni na matsa," in ji Yaya. "Na ji ya cije, na matsa."

"Kai rufe mana baki, ni na ce ka ƙara," in ji Kawu.

"Da ban taɓa kwalayen nan ba..."

"Ni ce fa na ce a fitar da su," in ji Anti daga bayansu.

"Ni na ba ku mukullin ɗakin," in ji Mama. Ta taho tana goge hannu da zane, ita ma ta leƙa.

Duk suka sunkuya a ƙarƙashin bonet, kawuna a haɗe, kowa na jan laifin zuwa wajensa. Kawu na cewa a kawo fitila, Yaya na cewa akwai wani gam da ya taɓa gani a bidiyo. Ba wanda ya ambaci wanda ya zaɓi notin.

Auta ta ji ƙarar ƙafar kujera a kan siminti, ta waiwaya.

Baba a tsaye yake. Ba wanda ya ɗaga shi. Ya dafa sandarsa, jikinsa na karkarwa, ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu a bayanta. Abin da aka yi makonni ana roƙonsa ya yi ke nan. Ta yunƙura za ta je ta riƙe shi, sai ta ga sufanar. Ya ajiye ta a tsakiyar kujerar, a miƙe, da ɗayan notin a gefenta.

Ta tsaya a inda take. Ya ratsa tsakar gidan a hankali, sanda, ƙafa, ja. A bakin ƙofar ɗakin ya ɗan dakata ya dubi ƙasa, ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya tsallake wurin da babu komai. Labulen ya sauka a bayansa.